Adawiyya Ta Soka Buhu

"...Lahiya lau, sai yunwa. Mace ta bar mijinta tun asuba ba ko kunu, sai yanzu ta taho tana tambayar kwana."

Malam Maccido ke wannan ƙorafi, yana zaune kan buzu a zaurensa na Ƙofar Marke. Shekara arba'in ya yi yana cinikin hatsi a kasuwa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Wadda yake yi wa kuwa jikarsa ce Adawiyya, 'yar ɗansa Ja'afar. Bara ta gama digirin kimiyya, yanzu tana son ƙaro karatun injiniyancin nukiliya. Makarantu biyu suka ba ta gurbi, ɗaya a ƙasar waje, ɗaya ta gwamnati a nan gida. Ta wajen tsada gare ta, har tsohon ya ce a sayar da gonarsa ta fadama a biya. Mai saye zai zo bayan la'asar.

"Tsoho, tausayi ne ya sa na bar ka," in ji Adawiyya tana durƙusawa. "Haƙori ukku gare ka, guda na rawa. Tattalinsu nike."

"Haƙoran ga sun ci naman da ubanki bai taɓa gani ba. Mi kika riƙo? Takardar saki?"

"Da ita ce, da Ƙofar Kware ta ji kukanka."

Ta shimfiɗa masa takardu biyu. Ɗaya sai sheƙi take, ga hoton bene na gilashi, ga ciyawa shar, ga ɗalibai cikin fararen riguna suna dariya. Ɗayar fara ce fat, sai hatimi a ƙasa. Maccido ya ɗauki mai sheƙin yana shafawa.

"Wagga ita ce makaranta! Dubi ciyawa. Ko akuya ta shiga nan sai ta hito da digiri."

"To mu tura ka mana."

"Ja'ira! Ke da murhu ya gagara? Ran nan kika cika gidan ga da hayaƙi har maƙwabta sunka taho da bokiti. Ke za a ba wutar da za ta haska gari?"

"Tamu wutar ba a hura ta da baki. Ƙwayar da ido bai gani ake fasawa, zafinta ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, lantarki ya hito."

"Ashe dahuwar ruwa ce! Gona sukutum don a koyi dafa ruwa. Kakarki kyauta ta iya." Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa. "Amma na yarda. Matar Maccido ba ta karatun rahusa. Araha ba ta ado."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Angona, in tambaye ka?"

"In ba kuɗin cefane ba ne, tambayi."

"Sadda kana kasuwa, in an kawo ma buhun gero, ina kake dubawa? Baki?"

Nan ta taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. Ya ajiye takardar, ya miƙa hannu kamar buhun na gabansa.

"Baki? Wa ke sayen hatsi da bakin buhu, in ba baƙo ba ko sabon ango? Baki ai kwalliya ce, nan ake zuba mai kyau. Ƙarfe nike sokawa a gindi, in soka a tsakiya, in zuba a tafi, in hura, in tauna. Sannan in nemi wanda ya saya wurin mutumin bara, in ji ko tuwonai ya yi ƙasa-ƙasa. Shekara arba'in ba a taɓa sayar man da tsakuwa ba."

"To ni ma na soka."

"Kin soka mi?"

Ta ɗora yatsa kan takardar mai sheƙi. "Wagga. Na nemo mutum ukku da sunka yi karatu can. Guda ma ɗan Gidan Dahala ne, Mu'az, bara ya dawo. Shekara biyu bai taɓa na'ura da hannunai ba, a allo ake nuna masu. Ɗakin gwajin da ke cikin hoton ga ba nasu ba ne. Sau guda anka kwashe su a mota sunka je sunka leƙa."

Maccido ya kalli hoton, ya kalle ta. "Ciyawar fa?"

"Ciyawar tasu ce. In ita za ni ci, sai a biya."

"Ita wagga farar, mai kama da takardar asibiti?"

"Ita na tafi da ƙafata wancan mako, sadda kake cewa na yi yaji. Fenti ya ɓare, kujerun sun girme ka. Amma ɗakin gwaji nasu ne, na shiga. Malama ta ɗora man na'urar awon tururin nukiliya a hannu, ta ce in auna ƙasar da ɗalibai sunka ɗebo. Na tambayi ina waɗanda sunka gama. Wasu na asibiti wurin gashin ciwon daji, wasu na koyarwa. Kuɗinta kuwa, shinkafar da fadamar ke bayarwa ta isa ta riƙe ni."

Tsohon ya tuna da fadamar. Jiya da hantsi ya sa aka kai shi fadamar a babur, ya tsaya bakin kunya yana kallon inda mahaifinsa ya fara damƙa masa fartanya, ya dawo bai gaya wa kowa ba. Ya riga ya sallama ta a ransa, don yarinyar ta fi gona. Yanzu ga yarinyar da a da take hawa buhunansa tana satar gyaɗa, ashe duk lokacin idonta na kan hannunsa. Alfahari ya kama shi, sai ya ɓata fuska don kada ta gani.

"Wa ya koya miki wannan mugun wayo?"

"Wani tsoho marowaci. Yau kuma na same shi yana shafa bakin buhu."

"Ni? Gwada ki nike!"

"Gwaji har da kiran mai saye?"

"Gwajin manya ke nan."

"To bari in bar shi ya taho, mu ga ƙarshen gwajin." Ta yi kamar za ta miƙe.

"Zauna, ja'ira!" Dariya ta ƙwace masa har da tari, yana buga buzu. "Kura ta haifi wadda ta fi ta wayo. Kin kada ni, na faɗi. Je ki gaya wa Ja'afar ya sallami mutumin, fadama ba ta sayarwa ce ba."

Ya laluba aljihu ya fito da farin goro, ya ɓare, ya miƙa mata ɓari mafi girma. Ta karɓa da hannu biyu.

"Saura abu guda," in ji shi, ya rage murya. "Mako guda ina cika wa majalisa baki cewa matata jirgi za ta hau. Bawa mai gishiri ba zai bar ni in sha ruwa ba."

"Mi zan ce masu?"

"Ki ce kin so tahiya, mijinki ya hana. Kishi gare shi."