Ranar da Na Cika wa Surukina Taya

Surukina Bashir injiniya ne a garin Gaithersburg, nan ƙasar waje da muke zaune, yana da wata 'yar mota da yake kaiwa filin tsere. Wata Asabar ya gayyace ni kallo, na tarar da shi durƙushe yana rage wa tayoyin iska.

"Bashir, wa ya taɓa rage iska zai yi gudu?"

"Baba, ai in taya ta yi zafi, iskar ƙaruwa take."

"Shekara goma na yi ina bin hanyar Gusau. Ba ni famfon."

Ya sunkuyar da kai ya miƙo, don ba a musu da uban mata. Na yi bismilla, na ɗura wa kowace taya iska har ta yi tauri kamar ta motar hatsi. Ma'aunin iskarsa ko kallo bai ishe ni ba. Na shuri kowacce da ƙafa na ce ta yi, har na rubuta masa ƙa'idar da ajami.

Zagaye biyu ina ta gyaɗa kai. A na uku motar ta shiga kwana, ta juya sau biyu kamar mai neman alƙibla, ta tsaya cikin ciyawa. Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya fito ya ce, "Baba, laifin kwanar ne."

'Yata ce ta baza labarin a Largo, inda nake zaune. Yanzu duk Juma'a sai abokina Alhaji Sani ya tare ni a ƙofar masallaci: "Malam mai faci, zo ka shuri tayar nan, garin Beltsville za mu."