Yadda Za Ka Ƙera Jirgin Sama Ƙafarka Ba Ta Bar Ƙasa Ba

Kana son a riƙa kiranka injiniya a ƙauyenku na jihar Kansas, amma ko tsani tsoron hawansa kake yi? Sha kuruminka. Dabarun maƙwabcina Delbert Hostetler ne na kawo maka, kuma tabbas suna ci.

1. Cika baki

Sanar a coci cewa ɗan jirginka zai ɗauki wasiƙu, taki da ɗan maraƙi, ya sauka a kowace gona. Sai da aka gama tafi Delbert ya tuna al'adar maƙera jirgi a nan: wanda ya zana, shi ke fara tashi da shi.

2. Kada ka yarda an gama

Ranar da aka ɗaure ƙusar ƙarshe, ƙura wa fiffike ido, girgiza kai, ka ce a kwance shi. Delbert ya yi ta sauya wutsiya har matarsa Marlys ta leƙo rumfar aikinsa ta ce, "Del, jikoki ne za su tashe shi ko tattaɓa-kunne?" Amsa ɗaya ce: gaggawa aikin shaiɗan.

3. Ɗora wa iska laifi

Yau ta yi yawa. In ta tsaya, ka ce shirun nan bai kwanta maka ba.

4. Gwajin ƙasa

In gunaguni ya fara, tara jama'a ka zagaya fili a kan tayoyi kawai. Wan Marlys, Vern, ya kafa kujera yana ihu: "Tarakta ce mai fiffike! A kawo garma mu ɗaura mata!"

Kada ka kula. Delbert ya kula, ya ba injin wuta.

5. Abin da ake gudu

Illar yawan gyara ke nan: kai lokaci kake ɓatawa, jirgi kuwa kyau yake ƙarawa. Hancin jirgin Delbert ya ɗaga, gonaki suka koma kamar tabarmi. Wallahi na tausaya wa bawan Allah, don duk karatunsa bai taɓa buɗe babin sauka ba.

Ya dai dire cikin masara, fuska kamar toka. Kafin ya kwance ɗamarar kujera Vern ya rungume shi yana hawaye. "Na janye maganata, ɗan'uwa! Lahadi Mama za ka kai birnin Wichita. Ta ce gaba za ta zauna."

Gargaɗi: dabara na ba ka, ban ce jirgi zai ba da haɗin kai ba. In naka ya tashi, kada ka neme ni. Ina ƙasa.