Ɗanliti Goma Sha Biyu, Lasisi Ɗaya

Wani mutum ne a ofishinmu, Injiniya Ɗanliti. In dai cika baki ne, to a sallama masa. A faɗarsa, kwamfuta ko tarinsa ta ji sai ta shiga taitayinta.

Mu aikinmu rubuta manhajar waya. Muna da kwamfutocin haya guda goma sha biyu a can intanet, inda 'yan boko ke kira gajimare. Su ke harhaɗa abin da muka rubuta, su gwada shi. Kowacce kuma sai an yankar mata lasisin babbar manhajar da ke tafiyar da ita.

To, mai kamfanin, Hajiya Tabawa, tana neman wanda za ta naɗa shugaban sashe. Ɗanliti ya ƙwallafa rai, har ya ɗinka sabuwar shadda. Ya same ta ya ce mu duk almubazzarai ne. Wai direba lasisi nawa yake yanka? Ɗaya tak, kuma ya tuƙa duk motar da ya ga dama. Saboda haka ya yanki ɗaya, ya kwafa wa sauran. Muka ce kada ya yi, ya ce hassada ce ke cin mu. Don ma kada wani ya ci ladan, ya bi kwamfutocin nan ya raɗa musu sunansa: Ɗanliti na ɗaya, Ɗanliti na biyu, har sha biyu.

Ranar da zai nuna wa Hajiya aikinsa ta zo. Hajiya ta zauna gaban babban allo, gogan naka sai ƙamshi yake zubawa. Ya gyara hula, ya danna maɓalli, ƙwas!

Shiru.

Sai ga jan rubutu yana zubowa, rututu. Kamfanin da ke ba mu haya ya gano, ya tsayar da aikin cak. Ɗanliti ya ce ai matsalar sabis ce, ya matsa yana kare allon da hannun riga. Hajiya ta ce ya kauce. Ta sa tabarau, ta sa aka fassara mata, tana maimaitawa da ƙarfi.

"Ɗanliti na biyu, jabu. Ɗanliti na uku, jabu. Na huɗu ma jabu."

Zufa ta karyo masa, shadda ta jiƙe sharkaf. Ya fara in-ina yana kawo zancen direba.

"Injiniya, ni fa da motocin haya na fara," in ji Hajiya. "Direba lasisi ɗaya, gaskiya ne. Amma kowace mota da takardunta."

Ta ƙarasa karatunta har na sha biyu, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta cire tabarau, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ta juyo wajenmu.

"To waɗannan an duba su. Wannan na tsayen fa, wa zai duba mana shi?"