Ajwar da Na Shekara Uku Ina Aika wa Inna

Ko zan manta da komai na zaman Dubai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya koya wa Baba Ilyasu tarihin Madina ba.

Ni mutum ne mai zargi, wannan ko ni na sani. Shekara biyar ina aiki a wani ofishin kago, wato na aika kaya gida, a unguwar Naif, kuma kasuwar ta koya min cewa duk abin da aka ce maka na asali ne, ka sake dubawa. Jaka, takalmi, turare, har murmushin mai shago ban yarda da shi ba. Abu ɗaya na amince wa: dabinon ajwar da nake saya a wani shago a lungun unguwar Deira, manya-manya, baƙa wuluk, sai sheƙi take yi. Duk wata biyu nake cusa kwali guda cikin kayan Kano a kai wa Inna. Tun da hawan jini ya kama ta take cin ƙwaya bakwai kowace safiya, tana neman albarkar garin Manzo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo mutumin Agadas ya shigo zai aika kaya. Shi ne Baba Ilyasu. Ya kwance wata leda ya ce mu taɓa, ajwa ce daga Madina. Na leƙa na ga wasu 'yan ƙanana, duk sun yamutse, da siraran fararen layuka a jikinsu. Nan take zuciyata ta ce ga ɗan damfara. (Ban ma lura kyauta yake rabawa ba. Mai zargi ina ruwansa da hujja?)

Maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na gyara tsayuwa gaban 'yan kasuwa cike da ofis, na buɗe karatu. Na ce Madina tun tana Yasriba dausayi ce mai rijiyoyi da gonakin dabino. Na ce masallacin Annabi na farko da kututturen dabino aka kafa ginshiƙansa, aka rufa da ganyensa. Garin da ya karɓi masu hijira ya ciyar da su, ba zai haifi wannan ƙanjamammen abu ba. (Ni da ko Jidda ban taɓa takawa ba, duk a waya na ji.) Sannan na jawo kwalin Inna daga ƙarƙashin tebur, na buɗe, na ce kowa ya ga ajwa.

Baba Ilyasu ya leƙa kwalin. Ya nemi ruwan ɗumi a kofi, ya jefa ƙwaya ɗaya daga nawa, ya murza da yatsa. Ruwan ya koma kalar shayi, mai ya taso sama, dabinon ya fito jajir, irin wanda ake rabawa a masallaci lokacin buɗa-baki.

"Ɗana, shekara ashirin na yi ina hawan dabino a gonakin Madina," in ji shi. "Tarihinka daidai ne. Dabinon naka ne dai bai taɓa zuwa can ba."

Ofis ya kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba dariyar ce ta fi ci min rai ba. Inna ce, da ta shekara uku tana ci da kyakkyawar niyya.

Kwana biyu ina jujjuya waya kafin na kira ta. Na yi ta kame-kame, na zagi mai shagon Deira, na nemi gafara. Ta bari na gama tsaf, sannan ta tuna min cewa ta sauke farali tun ina firamare, kuma kwana takwas ta yi a Madina.

"Tun kwalin farko na gane," ta ce. "To da wane baki zan gaya maka an cuce ka, kai da ba ka cutuwa? Ɗana ne ya aiko, na ci abina."

Ledar Baba Ilyasu ce ta bi kayan Kano a makon, don ya rantse sai na karɓa. Ni kuwa har yau ina nan da zargina, hali zanen dutse ne. Sai dai yanzu in na tashi binciken 'yan damfarar Naif, nakan fara da mutumin da na shekara biyar ban taɓa bincika ba, wato ni kaina.