Ɓarawon Yakuwata

Masana sun cika littattafai da yaƙe-yaƙen da aka gwabza a kan ƙasa da zinariya, amma har yau babu wanda ya rubuta wanda na gwabza a kan yakuwa. Ni kuwa ko na so in manta, ba zai mantu ba.

Zamanin mulkin soja aka turo ni koyarwa wani ƙauye kusa da Tudun Wada, ina tuzuru. Na sauka a shagon ƙofar gidan wani dattijo, Malam Sale. Kamar yadda ake yi wa baƙon malami, kullum matarsa, Inna Laure, takan aiko mini da kwanon faten tsaki, abincina ke nan. Da damina ta kankama sai na shuka jar yakuwa a bayan shagon, da burin in sha zoɓon gumina.

Ba a jima ba na lura ana tsinke mata kai. Na zargi awakin rugar gefenmu, amma akuya ba ta tsinka da farce. Na zargi maigadin makaranta. Har hedimasta na zarga, don na ga yana yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsami (ashe haka Allah ya yi shi). Ƙarshe na barbaɗa toka tsakanin kunyoyin. Washegari ga sawun silifa raɗau, ya nufi cikin gida.

Bayan la'asar, dattawa na zaune a ƙofar gida, na durƙusa na yi gyaran murya.

"Baba, a yi haƙuri da abin da zan faɗa. Akwai ɓarawo a gidan nan."

"Subhanallahi! Me aka ɗauka, Malam?"

Na zayyana hujjojina ɗaya bayan ɗaya kamar lauya, har da awon sawun da na yi da kara. Sai muryar Inna Laure ta fito daga zaure:

"Malam, faten da kake shanyewa har ka suɗe kwano, da ganyen darbejiya kake zaton nake yin sa?"

Wani tsoho ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Malam Sale ya ce, "To, an kama mai tsinka. Saura mai ci."

Ranar na koyi cewa kafin mutum ya auna sawun wani, ya fara leƙa kwanonsa. Tun daga nan ba a sake taɓa mini ko ganye ɗaya ba, yakuwa ta yi tsawo har kafaɗata. Kwanon ma bai sake fitowa ba. Ni kuma ban iya girki ba.