Jikan Sarkin Baka Ya Kira Waya

Wani abokina, Nazifi, yana aiki a wani bene a Zoo Road, inda wani kamfanin ƙasar waje mai wasan harbe-harbe na waya ya ba da kwangilar amsa waya. Masu kamfani na can suna shan iska, su Nazifi na nan suna shan zagi. Har suna aka sauya masa, a waya Jason yake, mutumin da ko Kaduna sai da babban dalili yake zuwa. Aikinsa sauraron koken waɗanda aka rufe wa akawun saboda sun saka manhajar maguɗi a wasan. Dokar wurin kuma ba tausayi: ba ka buɗe wa ɗan maguɗi, ba ka kuma ce masa maƙaryaci, komai girman ƙaryar da ya shirga. Nazifi kuwa bakinsa ba linzami. An riga an ja masa kunne, shugabarsu ta rantse in ya ƙara sai dai ya koma sayar da data a bakin titi. Ranar da abin ya faru ma tana zaune a bayansa tana sauraro.

Sai ga wani ya kira yana ta ɓarin turanci, wani ya faɗi daidai, wani ya karye. Ana cikin haka atishawa ta kama Nazifi, ya manta shi Jason ne, ya ce alhamdu lillahi.

Mutumin ya ce, “Yarhamukallahu! Au, Jason, ashe ɗan gida ne? To mu ajiye yaren nasara. Ɗan'uwa, zaluntata aka yi. Gasa gare ni jibi, ka taimaka ka buɗe mini.”

“Yallaɓai, bidiyon wasanka na gabana. An yi maka ruwan harsashi, ko gezau ba ka yi ba.”

“Wannan ai gado ne. Kakana sarkin baka ne, tun ina zanen goyo aka dafa ni. Ƙarfe ba ya cin ɗan gidanmu.”

“Har a cikin waya?”

“To da hannun wa nake dannawa?”

Nazifi ya waiwaya, ya ga shugaba ta zuba masa ido. Ya haɗiye abin da ya zo masa baki.

“To yallaɓai, ga kuma nan ka ratsa bangon siminti, ka harbe mutane ta baya.”

“Shi wannan ta wajen uwa na samo shi. Mu bango bai taɓa tare mu ba, wallahi ko na gidan yari ne. Kai dai buɗe kawai.”

Nazifi ya gyara zama, ya tausasa murya, ya ce, “Allah ya jiƙan magabata. Ni na yarda da kai, yallaɓai. To mai ratsa bango me zai yi da mabuɗi? Ƙofa kawai muka rufe. Bisimilla, shigo.”