Amaren Doka da Shawarar Ƙarya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi rufe allurar rigakafin tetanas a yankin Gadarif. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina sabon ma'aikaci a sashen lafiya, gwauro, kaina cike da lissafi. Aikina duba koke-koken da ake kawowa bayan an sha magani ko an yi allura. Idan wani ciwo ya fi yawa a kan magani ɗaya fiye da sauran, sai in ɗaga murya. To, sai na ga “fata ta yi rawaya” ta taru a kan allurar da ake yi wa matan aure a garin Doka. Na sake lissafi, ya sake fitowa. Na ce ciwon shawara ne, hanta ake lalata wa mata!

Ban tsaya tambayar kowa ba (zamanin nan ma namiji bai isa ya tsare matar wani da tambaya ba). Na wuce gidan ƙanwata Hauwa mai tsohon ciki, na hana ta zuwa allurarta, ita kuma ta hana maƙwabta.

Ranar taro na miƙe gaban manya ina buga tebur. Na ce a dakatar da allurar yau, wanda ya ƙi kuwa Allah zai tambaye shi. Daktora Nafisa, shugabarmu, ta bari na gama kumfar baki, sannan ta ce:

“Ya zol,” wato kai malam, “kana da aure?”

“A'a, daktora.”

“Idanunsu sun yi rawaya, ko fata kaɗai?”

Na duba takarduna, fata kaɗai aka rubuta.

Ta ce, “Amare ne. Duhan suke shiga.”

Duhan fa! Hayaƙin itacen da matan aure ke zama a kai don fata ta yi laushi da launin ɗorawa. Matan ɗakin suka rufe baki da mayafi, mazan suka tuntsire. Wani har da cewa a yi mini karo-karo in yi aure.

Daktora ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Matan da ka tsorata, kai za ka dawo da su.”

Haka na bi unguwa gida-gida ina sallama daga ƙofa, ina ƙaryata kaina. Hauwa ta je aka yi mata, amma sai da ta shanya ni a gaban mijinta.

Tun daga nan, idan lissafi ya nuna mini abu a jikin mata, kafin in buga tebur sai na fara tambayar mace.